Ziyarar Gidan Tarihi na Yamai: Ina Baƙo Zai Ci Abinci?

Lokacin hutun ƴan makaranta, iyalai daga Madawa, Buza da Keita sukan tafi Yamai ziyarar dangi, kuma da wuya yara su yarda a komo gida ba a kai su gidan tarihi na Bubu Hama ba. An buɗe shi a 1959, kusa da gadar Kennedy. A ciki akwai zakuna da dorinar ruwa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a jihar Agadas, da iccen Tenere da mota ta kayar a 1973, ga kuma rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa. Kewaya shi duka yakan ci rabin yini cikin rana, don haka ya kamata uban tafiya ya tsara maganar ciki tun daga masauki.

Mafi araha shi ne masu tebur na bakin hanya, daga ƙofar gidan tarihin zuwa wajen Petit Marché da Babbar Kasuwa. Da safe akwai mai shayi da burodi da ƙwai, da ƙosai, da fari masa, wato fanken Zabarmawa. Da rana akwai shinkafa da wake, da dambu haɗe da kwaɗon zogale, wanda ake kira kopto a can. Da maraice sai tsire da soyayyen kifin kogin Kwara.

Yawancin mata masu sayarwa da Zabarmanci suke faɗin kuɗi, amma da dala suke lissafi kamar a kasuwar Madawa. Waranka dala ashirin ce, waigu dala hamsin, zangu dala ɗari. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi uku ba zai ruɗe wajen canji ba, kuma da yawa suna jin Hausa.

Mai ɗan ƙarfin aljihu yana iya hawa unguwar Plateau, inda gidajen abinci ke da kujeru da fanka, ko manyan otel na bakin kogi, masu dafa giwan ruwa. A nan sai a tambayi kuɗin faranti kafin a zauna, don abincin mutum guda yana iya cinye kuɗin tuwon gida duka.

Hanya ta uku guzuri ce. Kilishin Madawa ya yi suna har Yamai, kuma tafiyar kusan kilomita 500 ba ta ɓata shi. Da shi da burodi da gorar ruwa, an sallami yara.

Babbar hattara ita ce lafiya. A zaɓi abinci mai zafi a wurin da mutane suka yi layi, a wanke hannu da sabulu bayan kewaya kejin dabbobi, a guji salak da ƙanƙarar da ba a san ruwansu ba. Gudawa ga ƙaramin yaro cikin zafin Yamai tana iya mai da kuɗin mota kuɗin magani.