Idan Manhajar Haɗa Abincin Kaji Ta Ƙi Ba Da Amsa: Laifin Waya Ne Ko Na Lissafi?

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan tsakiyar jihar Katsina, kiwon kaji sana'a ce da matashi zai iya farawa a bayan gida da 'yan tsaki hamsin ko ɗari. Abin da ke cinye jarin shi ne abinci, domin shi ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Wannan ya sa mai kiwo kan so ya haɗa nasa da masara da dawa da waken suya da tunkuzar da ake samu a kasuwannin yankin, irin ta Charanchi da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina.

Akwai manhajoji da shafukan intanet da ke yin wannan lissafi. Mutum zai shigar da kayan da yake da su da farashinsu, su kuma su fitar masa da haɗin da ya fi araha. Sai dai wata rana a danna maɓalli, a ga jan rubutu da Turanci, ko allo ya yi ta juyawa. Nan take sai a ɗora wa waya ko netwok laifi, alhali sau da yawa matsalar tana cikin alƙaluman da aka shigar.

Me ke aiki a bayan fage?

A cikin irin wannan shafi akwai wani injin lissafi da ba a gani. Ana ba shi abu uku: kayan haɗi, burin da ake nema (mafi ƙarancin kuɗi), da sharuɗɗan da ba za a karya ba, kamar yawan furotin, wato sinadarin gina jiki. Shi kuma ya lalubo haɗin da ya cika sharuɗɗan duka a farashi mafi sauƙi.

Dabarar ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A 1947 wani masanin lissafi ɗan Amurka, George Dantzig, ya ƙirƙiro hanyar warware irin waɗannan matsaloli. Ɗaya daga gwaje-gwajenta na farko a kan abinci aka yi: nau'i 77, da sinadarai tara da jiki ke buƙata. Ma'aikata tara ne suka yi lissafin da injinan tebur, aikin da zai ci wa mutum ɗaya kwana 120. Yau injina na kyauta irin su GLPK da HiGHS da OR-Tools na Google suna gama irinsa kafin ƙiftawar ido.

Idan allo ya nuna "Infeasible"

Ma'anar kalmar ita ce sharuɗɗan sun ci karo da juna, babu haɗin da zai cika su gaba ɗaya. Manhajar ba ta lalace ba, gaskiya ta faɗa.

Ga misali. Masara na da furotin kusan kashi 9 cikin ɗari, garin waken suya da aka tatse mansa kuma kusan 44. 'Yan tsakin burola na buƙatar kusan 23 a makonninsu na farko. Da waɗannan biyun kaɗai, sai an haɗa kilo 60 na masara da kilo 40 na waken suya kafin a kai wannan adadi. To idan mai kiwo, saboda tsada, ya ce kada waken suya ya wuce kilo 30, iyakar abin da za a samu shi ne 19.5. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa: injin ma ba zai samar da furotin ɗin da babu shi a kayan ba.

Maganin shi ne a riƙa sassauta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ana sake dannawa. Wanda aka cire amsa ta fito, a nan rikicin yake. Daga nan sai a ƙaro wani kayan mai furotin, kamar tunkuza ko garin kifi, ko a ɗaga iyakar da aka sa.

Idan amsa ta fito amma ba ta shiga hankali

Wannan ta fi haɗari, domin babu jan rubutun da zai yi gargaɗi. Dantzig da kansa ya ba da labarin yadda ya nemi kwamfuta ta tsara masa abincin rage ƙiba. Ta ce ya sha galan 500 na ruwan khal, saboda a bayanan da aka ba ta an rubuta cewa babu ruwa a cikinsa. Da aka gyara, sai ta ba shi dunƙulen ɗanɗanon miya irin magi guda 200 a rana, domin babu wanda ya gaya mata cewa gishiri na da iyaka.

Haka take faruwa da abincin kaji. Idan ba a sa wa dusa ko gishiri iyaka ba, injin zai iya cika buhu da abin da ya fi araha. Idan aka bar gurbin farashi fanko, wani shafin zai ɗauka kayan kyauta ne. Saƙon "Unbounded" ma daga wannan gida ya fito: an manta da wata iyaka, lissafin ya rasa inda zai tsaya.

Sai batun awo. A kasuwa da tiya da buhu ake ciniki, manhaja kuwa kilo ta sani. Tiyar masara da ta dusa nauyinsu ba ɗaya ba ne, don haka sai an ɗora a sikeli. Wanda ya sa farashin buhu a gurbin farashin kilo ya mayar da masara zinariya, injin zai guje ta. Har waƙafi na da tasiri: wani gurbin kan karanta 45,000 a matsayin 45. Ya fi aminci a rubuta 45000 kai tsaye.

Idan allo ya yi ta juyawa

A nan ne kaɗai waya da netwok ke shigowa. Wasu shafuka kan tura lissafin zuwa babbar kwamfutarsu da ke nesa, idan ta jinkirta sai a ga lamba 504, alamar lokacin jira ya ƙare. Wasu kuma a cikin burauzar wayar suke yin aikin, don haka tsarin matse data mai tsanani na Opera Mini kan iya hana su motsi. Abin yi shi ne a gwada Chrome ko Firefox, a goge tarkacen da burauza ta ajiye, a rufe sauran shafuka. Neman amsa a cikakkun buhuna maimakon kilo yana ƙara wa injin nauyi ƙwarai, cire wannan sharaɗi kan sa amsa ta fito da wuri.

Idan duk ba su yi ba, sai a tuntuɓi masu shafin. "Ba ya aiki" kaɗai ba ta wadatar. A tura hoton allo mai ɗauke da saƙon, da alƙaluman da aka shigar, da sunan waya da burauza.

Abin da injin bai sani ba

Injin bai san cewa ɗanyen waken suya na hana kaji girma sai an soya shi ba. Bai ga fumfunar da ke jikin tunkuzar da ta sha damina a ɗaki ba, wadda gubarta ke kashe tsaki. Bai san kaji masu ƙwai na buƙatar kalsiyam mai yawa ba, sai an gaya masa. Saboda haka kafin a kai hatsi injin niƙa, ya kamata a nuna wa likitan dabbobi ko malamin gona haɗin, sannan a gwada shi a kan kaji kaɗan na 'yan kwanaki. Kuskuren da aka kama a kan allo data kawai yake ci. Wanda ya kai ga kwanon kaji kuwa, jarin yake ci.