Saɓanin Masu Sharhi da 'Yan Kallo kan Fim ɗin It Comes at Night

Daga 2015 zuwa 2018 masana'antar finafinan Amurka ta fuskanci wani al'amari da ya riƙa maimaita kansa, inda ƙananan finafinan ban tsoro, waɗanda aka shirya da ɗan jari kaɗan, suke samun yabo mai yawa daga masu sharhi a jaridu, amma jama'ar da suka sayi tikiti suna fitowa daga sinima cikin fushi. Yawancinsu na cikin rukunin da za a iya kira finafinan firgicin zuci, wato waɗanda tsoron cikinsu yake tasowa daga zargi da waswasi da rashin yarda tsakanin mutane, maimakon daga dodo ko aljanin da ido zai gani. Wanda ya fi fito da wannan saɓani fili shi ne It Comes at Night, na darakta Trey Edward Shults, wanda kamfanin A24 ya fitar ranar 9 ga Yuni, 2017. Kuɗin shirya shi bai wuce dala miliyan 5 ba, ya kuma tara kusan dala miliyan 20 a duniya. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyi kan finafinai, sama da kashi 85 cikin ɗari na masu sharhi sun yaba shi, alhali 'yan kallon da suka nuna gamsuwa ba su kai rabi ba, sannan kamfanin CinemaScore ya ba shi makin D, wanda yake dab da mafi ƙasƙanci a ma'auninsa.

Labarin kansa ɗan taƙaitacce ne. Wata annoba mai saurin yaɗuwa ta ci duniya, sai wani magidanci mai suna Paul, wanda Joel Edgerton ya fito a matsayinsa, ya killace matarsa Sarah da ɗansu matashi Travis a wani gida cikin daji, ya toshe tagogi da katako, ya bar ƙofa ɗaya jal mai jan fenti, makullinta kuwa yana hannunsa. An buɗe fim ɗin da iyalin sanye da takunkumin kare numfashi suna ban kwana da mahaifin Sarah da ya kamu, kafin a tura shi cikin baro zuwa daji, a harbe shi, a ƙone gawar. Daga baya wani baƙo mai suna Will ya fasa gidan yana neman ruwa, Paul ya ɗaure shi a jikin bishiya har ya tabbatar ba shi da cutar, sa'an nan ya yarda Will ya kawo matarsa da ƙaramin ɗansu su zauna tare. Zaman ya yi daɗi na ɗan lokaci, har daren da aka tarar da jar ƙofar a buɗe, karen gidan da ya ɓace a daji yana kwance cikin jini. Babu wanda ya amsa cewa shi ya buɗe, kuma fim ɗin bai taɓa faɗa ba. Zargin da ya biyo baya ne ya kai iyalin Paul ga hallaka baƙin duka uku, cutar kuma ba ta ƙyale Travis ba.

Dalili na farko na saɓanin, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne alkawarin da aka yi wa 'yan kallo tun kafin su shiga sinima. Sunan fim ɗin yana cewa akwai wani abu da yake zuwa da dare, gajeren tallan da ake kira tirela kuma an cika shi da hotunan da aka tsamo daga mafarkan Travis, irin su tsohon da ya mutu yana zaune baƙin jini na zuba daga bakinsa, yayin da hoton bangon talla ya nuna kare yana kallon duhun daji. Duk wanda ya haɗa waɗannan uku zai ɗauka akwai wata halitta a dajin da za a bayyana a ƙarshe. Da aka kai minti 91 ba a nuna komai ba, sai da yawa suka ji an yi masu sakiyar da ba ruwa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma bai kamata a mayar da shi jahilci ba, domin wanda ya biya kuɗinsa bisa wani bayani yana da haƙƙin ya auna abin da aka ba shi da wannan bayanin.

Dalili na biyu yana cikin ma'aunan kansu, domin kowanne da abin da yake aunawa. CinemaScore, wanda Ed Mintz ya kafa, yana raba wa 'yan kallo katin zaɓe ne a daren farko na fitar fim, saboda haka waɗanda yake tambaya su ne mutanen da talla ta fi tasiri a kansu, a daidai lokacin da ransu yake ɓace ko yake fari. Makinsa ya fi nuna ko fim ya cika tsammanin da aka ɗora masa. Masu sharhi kuwa sukan ga fim a bukukuwan baje koli ko a wani nuni na musamman, sun san daraktan, sun san cewa Shults ne ya yi Krisha a 2015 da 'yan uwansa na jini a gidan iyayensa, har ya ci babbar kyauta a bikin South by Southwest, don haka sun shiga suna jiran labarin iyali da ke wargajewa, kuma shi suka samu. Irin wannan tazara ta bayyana a kan The Witch na Robert Eggers, wanda ya sami C-, da Hereditary na Ari Aster a 2018, wanda ya sami D+, dukansu na A24.

Ƙarancin jari ma yana da nasa hannun, ta fuska biyu. Wanda ba shi da kuɗin ƙera dodo da kwamfuta dole ya dogara da duhu da sauti da fuskokin 'yan wasa, shi ya sa aka haska yawancin fim ɗin da fitilar hannu, aka bar kyamara tana tafiya a hankali cikin dogon lungun da ya nufi jar ƙofar, aka kuma riƙa matse hoton daga sama da ƙasa a lokutan mafarki har mai kallo ya ji kamar bango na rufowa. Sai dai a nan ɓoyewar ta wuce batun tsimi. Shults ya bayyana cewa ya rubuta labarin ne bayan rasuwar mahaifinsa da ciwon daji, kuma ya zaɓi kada mai kallo ya san fiye da abin da mutanen gidan suka sani. Wannan zaɓi daidai ne, domin da an nuna wata halitta a dajin da Paul ya sami uzuri, alhali duk nauyin labarin yana kan cewa mutum mai hankali, mai son iyalinsa, ya kashe yaro ƙarami bisa zato. Fuska ta biyu ita ce ƙaramin jari yana ba darakta 'yancin da babban kamfani ba zai bayar ba, tunda asarar da ake tsoro kaɗan ce, saboda haka babu mai tilasta masa ya sauya ƙarshen labari don faranta wa jama'a.

Wannan lissafi ne ya haifar da tasirin da ya fi damuwa. An fitar da fim ɗin a sinimomi sama da 2,500 lokaci guda, a mako ɗaya da The Mummy na Tom Cruise, ya tara kimanin dala miliyan 6 a kwanaki uku na farko, wato ya mayar da kuɗin shirya shi kafin labarin ɓacin ran 'yan kallo ya gama zagawa, ko da yake kuɗin shigar ya faɗi da fiye da rabi a mako na biyu. Ma'ana, kamfani yana iya tallata fim mai natsuwa da rigar fim mai dodo ya ci riba duk da makin D, wanda kuma yake biyan bashin shi ne darakta, da sunan aikinsa, da kuma yardar da jama'a suke yi wa talla. Da an fara nuna shi a 'yan sinimomi kaɗan, aka bar shi ya samo masoyansa sannu a hankali, da saɓanin bai kai haka ba, amma da wuya kuɗin ya kai wanda aka samu.

Wani tasirin ya faɗa kan yadda ake tattauna finafinan tsoro gaba ɗaya. A watan Yulin 2017 Steve Rose ya rubuta maƙala a jaridar Guardian ta Birtaniya yana ɗaukar wannan fim da ire-irensa a matsayin wani sabon mataki da ya wuce finafinan tsoro na gargajiya, daga nan kuma aka yawaita kiransu finafinan tsoro masu daraja. Tsofaffin masoya wannan fanni sun ji haushin laƙabin, kuma suna da gaskiya, domin yana nuna kamar abin da suka daɗe suna kallo ba shi da tunani, alhali Night of the Living Dead na George Romero, wanda aka yi da ɗan kuɗi a 1968, ya riga ya kulle mutane a gida ɗaya ya nuna cewa rigimarsu ta fi abin da ke waje haɗari. Da muhawarar ta koma ta masu ilimi da marasa ilimi, sai kowane ɓangare ya daina sauraron ɗan uwansa, aka bar ainihin tambayar, wadda ta shafi gaskiyar talla.

Annobar korona ta 2020 ta sauya wa fim ɗin masu kallo. Mutanen da suka gan shi a gida lokacin kulle, ba tare da tirela ta yi masu jagora ba, sun riga sun san takunkumi da killace mara lafiya da fargabar baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa, shi ya sa aka riƙa sanya shi cikin jerin finafinan da suka dace da lokacin. Makin D na nan a rubuce, tunda CinemaScore ba ya sake zaɓe, shi kuwa A24 bai janye daga wannan fanni ba, ya ci gaba da Midsommar da The Lighthouse a 2019, a shekarar da ya fitar wa Shults fim ɗinsa na uku, Waves, wanda labarin iyali ne tsantsa ba tare da rigar tsoro ba.