Shin Ko Kun San Garin Da Aka Kwashe A Mota?

Shin ko kun san akwai garin da aka ɗora gidajensa a kan manyan motoci aka sauya masa mazauni? Sunansa Adaminaby, a jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya.

A nan aka ƙaddamar da gagarumin aikin wutar lantarki na tsaunukan Snowy ranar 17 ga Oktoba, 1949. Kafin a cika shekara goma, ruwan dam ɗin Eucumbene, wanda aka gina a ƙarƙashin wannan aiki, ya haɗiye garin. Gine-gine sama da 100 aka kwashe. Har coci aka warware, dutse bayan dutse, aka sake ginawa a sabon wuri!

To, ku ji inda mamakin yake. Mutanen wannan gari ne suka tashi tsaye suka tara kayan aikin da ya ci garinsu. A 2011 aka buɗe gidan tarihinsu, kuma 'yan sa-kai ke kula da shi. Katafila, manyan motoci, motocin tafiya kan ƙanƙara, hotuna da taswirori, duk suna nan. Wannan haƙuri da yawa yake!

Aikin kansa fa? Shekara 25 cur aka yi ana fama, sai 1974 aka kammala. Manyan dam-dam 16. Hanyoyin ruwa da aka huda ta cikin duwatsu, kilomita 145. Ku sake karantawa: kilomita 145 a cikin dutse! Abin da ido ke gani a doron ƙasa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Ma'aikata kuwa sun haura 100,000, daga ƙasashe fiye da 30. Da yawansu 'yan Turai ne da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita. Jamusawa da 'yan Poland da Italiyawa, abokan gabar jiya, ga su a rami ɗaya suna fasa dutse. Mutum 121 suka rasa rayukansu.

Kun san tun 1960 aka wajabta wa direbobin aikin ɗaura bel, alhali dokar ƙasa ba ta ce uffan ba tukuna?

A farin 2007 ruwan dam ɗin Eucumbene ya ja baya, sai ga kangon tsohon garin ya fito fili.

Af, har na manta! A sabon garin akwai mutum-mutumin kifi mai tsawon mita 10.