Koyar da Turanci a Ƙetare: Yadda Ake Zaɓen Ƙasar da Ba a Yi Mata Rububi Ba

LEGAS — Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke wa Naira farashi, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da Naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya sa duk wata sana'a da ake biyan ladanta da kuɗin ƙasashen waje ta ƙara daraja a idon jama'a, musamman in aka kwatanta da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a watan Yuli na 2024. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i ita ce koyar da harshen Turanci a ƙasashen da ba shi ne harshen aikinsu na asali ba.

Batun ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu. Da farko, sau da yawa attajiri ne ake tunkara ya biya wa ɗa ko ƙane kuɗin takardu da na jirgi, saboda haka jarinsa ne ke cikin haɗari idan aka yi mummunan zaɓi. Na biyu, masu makarantun kuɗi da masu harkar shige da fice suna iya mayar da koyar da Turanci wata haja da za su kai maƙwabta, kamar yadda suke kai atamfa da kayan masarufi.

Manyan kasuwanni da shingayensu

Idan aka ambaci koyar da Turanci a ƙetare, ƙasashen da ke fara zuwa a rai su ne Japan da Koriya ta Kudu da Sin. Japan ta buɗe shirinta na ɗauko matasan malamai daga waje, watau JET, a 1987, Koriya ta Kudu kuma ta buɗe nata mai suna EPIK a 1995. Sai dai ga ɗan Nijeriya ƙofar Koriya kusan a rufe take, domin izinin zama na malamin Turanci an keɓe shi kusan baki ɗaya ga masu fasfo na ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu. Malamin da ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare har jami'a a Zariya ko Ibadan ba ya cikin wannan jeri, kome ƙwarewarsa.

Sin kuwa, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen yawan guraben aiki, ta sauya dokokinta a watan Yuli na 2021, inda ta hana kamfanoni neman riba da darussan bayan makaranta a manyan fannonin karatu, ta kuma hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar da yaran ƙasar ta intanet. Malamai masu ɗimbin yawa suka rasa aiki cikin 'yan watanni. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan shi ne, kasuwar da doka ta gina, doka tana iya rushe ta dare ɗaya.

Inda bukata take tasowa

Bukatar malamin Turanci ba ta faɗowa daga sama. Galibi tana biyo bayan shawarar gwamnati ce ta sauya harshen koyarwa ko na aiki, sa'an nan a tarar malaman gida ba su isa ba. Wanda ya iya karanta irin wannan alama zai riga jama'a isa kasuwa.

Ruwanda ce misali mafi bayyana a Afirka. A 2008 ta mayar da Turanci harshen koyarwa a madadin Faransanci, a 2009 ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, a 2022 kuma ta karɓi malamai fiye da 150 daga Zimbabuwe bisa yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. A wannan shekarar ta 2022 ne Gabon da Togo, waɗanda Faransa ta rena, suka shiga ƙungiyar a taron Kigali, Aljeriya kuma ta fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare.

A Sahel ma kiɗan ya sauya. Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a tsarin mulkinta na 2023. Burkina Faso ta biyo baya, ta jera Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Turanci da Faransanci su zama harsunan aiki. Wannan babbar dama ce ga malami Bahaushe, domin a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa zai iya bayyana wa ɗalibi ƙa'idar Turanci da harshen da dukansu suka tashi da shi, abin da Baturen Ingila ba zai iya ba. Haka lamarin yake a unguwannin Hausawa na Injamena da Garwa.

A nahiyar Asiya, Biyetnam ta ƙaddamar da babban shirin koyar da harsunan waje a 2008, Uzbekistan ta zartar da doka a ƙarshen 2012 cewa a fara koyar da harshen waje daga aji ɗaya, Kazakistan kuma ta daɗe tana bin manufar harsuna uku, watau Kazak da Rashanci da Turanci. Jojiya, a yankin Kaukasas, ta buɗe shirin gayyato malamai daga waje a 2010. Tailan da Biyetnam suna karɓar malamin da bai fito daga ƙasashen nan bakwai ba, muddin ya nuna sakamakon jarrabawar ƙwarewa a Turanci da suka amince da ita.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata a riƙe. Sauya doka ba ya nufin gwamnati za ta ɗauki baƙi aiki. Aljeriya, alal misali, 'yan ƙasarta ta ɗauka don cike guraben firamare. Inda baƙo ya fi samun shiga shi ne makarantun kuɗi, cibiyoyin koyon harshe na yamma, jami'o'i masu zaman kansu, da kamfanonin man fetur da bankuna da otal-otal masu son horar da ma'aikatansu.

Lissafin da ya kamata a yi

Kuskuren da aka fi yi shi ne duban girman albashi kawai. Abin da ke da muhimmanci shi ne ragowar da za ta saura a hannu bayan an biya haya da abinci da haraji da kuɗin mota. Mu ɗauka, don misali kawai, an yi wa malami tayi biyu. Na farko Dala 2,000 a wata a babban birni mai tsada, inda haya da sauran hidimomi za su ci Dala 1,700. Na biyu Dala 900 a ƙaramin gari, inda makaranta ta ba shi gida kyauta, hidimominsa kuma ba su wuce Dala 400 ba. Na farko zai ajiye Dala 300, na biyu Dala 500. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abu na biyu shi ne ƙarfin kuɗin da za a biya albashin da shi. Sefa, wadda ake kashewa a Nijar, Togo, Benin, Chadi, Kamaru da Gabon, tana ɗaure da Yuro a kan 655.957 tun 1999, ko da yake waɗanda suka manyanta ba su manta da yadda aka karya darajarta da rabi a watan Janairu na 1994 ba. Riyal na Saudiyya yana kan 3.75 ga Dala tun 1986, Riyal na Oman da kuɗin Jibuti su ma a ɗaure suke da Dala. A ɗaya ɓangaren kuma, hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoba na 2022, Fam na Masar ya faɗi daga kimanin 31 zuwa kimanin 50 ga Dala a watan Maris na 2024, Bir na Habasha kuma ya faɗi daga kimanin 57 zuwa fiye da 100 cikin 'yan makonni bayan an sake shi a watan Yuli na 2024. Malamin da aka rubuta albashinsa da irin waɗannan kuɗaɗe ya yi aikin shekara, ya kwashi ladan rabin shekara. Saboda haka ya kyautu a nemi a rubuta albashi da Dala ko Yuro a cikin yarjejeniya, ko a sa sharaɗin daidaita shi idan kuɗin ƙasar ya faɗi.

Abu na uku shi ne hanyar aiko da kuɗin gida. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa Afirka kudu da Sahara ce yankin da aika kuɗi zuwa cikinsa ya fi tsada a duniya, inda a 2023 ake cire kusan kashi 8 cikin 100 na kowace Dala 200. Wasu ƙasashe kuma suna ƙayyade adadin da baƙo zai fitar. Ya kamata a san wannan kafin a sa hannu.

Takardu da izini

Mafi yawan ƙasashe suna neman digiri na farko, da takardar shaidar horo kan koyar da Turanci ga baƙin harshe ta aƙalla sa'o'i 120, da takardar 'yan sanda mai nuna mutum ba shi da laifi, da ta likita. Takardun horo da suka fi karɓuwa su ne CELTA ta Jami'ar Kambirij da CertTESOL ta Kwalejin Trinity da ke Landan, domin dukansu sun ƙunshi sa'o'i shida na koyarwa a gaban mai dubawa. Takardun araha da ake sayarwa a intanet ba tare da shiga aji ba, manyan makarantu ba su cika kallonsu ba. Rajista da Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, tana ƙara wa mai nema nauyi.

Bugu da ƙari, sai an tantance takardun karatu a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga hatiminsa. Wannan yana cin lokaci da kuɗi, kuma wajibi ne a sa shi cikin lissafin jari. Haka nan a duba ko ƙasar tana da ofishin jakadanci a Nijeriya, domin in ba ta da shi sai an yi wata tafiya kafin ainihin tafiyar.

A nan ne maƙwabta suka fi sauƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, don haka mai niyyar zuwa can ya nemi bayanin dokar zama daga ofishin jakadancinsu. A ko'ina kuma, izinin shiga daban, izinin aiki daban. Wanda ya kama aiki da bizar yawon buɗe ido zai iya shan wahala wajen kai ƙara kotu idan aka hana shi albashi.

Akwai kuma hanyar gwamnati. Tun 1987 Nijeriya take aika ƙwararru, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu a ƙarƙashin shirin TAC. Gwamnatin Tarayya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓa kuma ta ba da masauki. Ga mai son ya gwada ƙasar da bai sani ba, wannan ita ce hanya mafi ƙarancin haɗari.

Haɗurran da ke tattare

Ƙasar da ba a yi mata rububi ba tana da nata aibin: 'yan'uwa kaɗan ne a can, bayani kuma yana da wuyar samu, abin da mayaudara ke amfani da shi. A watan Agusta na 2023 Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kimanin 100,000 a Kambodiya ne ake tsare da su a sansanonin damfarar intanet, akasarinsu an ja su ne da alkawarin aiki mai tsoka. Duk dillalin da ya nemi a biya shi maƙudan kuɗi kafin a ga yarjejeniya, ko ya ce za a karɓe fasfo idan an isa, a guje shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba dillalan aiki lasisi, hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 kuma tana karɓar ƙorafi kan fataucin mutane.

Haka nan sai a auna zaman lafiyar ƙasa. Yadda aka yi ta kwaso 'yan Nijeriya daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023 ya isa ishara cewa malami ya riƙa ajiye kuɗin tikitin dawowa a gefe. Kada kuma a raina batun wariyar launi: makarantu da yawa a Asiya sun fi son farar fata don jawo hankalin iyaye, ko da kuwa baƙin ya fi ƙwarewa. Hanya mafi sauƙi ta gane halin makaranta ita ce a nemi magana da wani malami ɗan Afirka da ke aiki a cikinta.

Ga mai jari

Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980, makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana, waɗanda suka zo saboda kuɗin Nijeriya yana da ƙarfi kuma malaman gida ba su isa ba. Yau lissafin ya juya. Mai makarantar kuɗi a Kano ko Sakkwato da zai buɗe ajin Turanci na yamma a Yamai ko Lome zai biya wani ɓangare na hidimominsa da Naira, ya karɓi kuɗin makaranta da Sefa. Abin da ake bukata shi ne rajistar kamfani a can, abokin hulɗa ɗan ƙasa amintacce, da malamai masu takardar da za a iya nunawa. Wanda zai ɗauki nauyin ɗansa kuma, ya nemi ganin yarjejeniya a rubuce, da sunan kuɗin da za a biya, da izinin aiki, kafin ya saki sisin kwabo.