Tsohuwar Taswira, Shaidar Dajin Rugu

Wagini gari ne a ƙasar Batsari, a gefen Dajin Rugu, watau babban dajin nan da ya ratsa ƙasashen Batsari da Safana ya dangana da iyakar Zamfara. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki noma suke yi da damina, in rani ya yi su ɗauki gatari su shiga daji. Masassaƙa su nemi ƙirya don turmi da ƙotar fartanya, maƙera su ƙona ta su sami gawayi, magina su tsaga giginya su yi azara, masu jakuna kuma su yi lodin marke zuwa kasuwa.

To, yau in tsoho ya ce a dā daji ya kawo har wuri kaza, sai yaro ya ɗauka tatsuniya ce. Amma akwai mai shaida wanda ba ya mantuwa, ba ya kuma son kai, shi ne tsohuwar taswira.

Ga yadda aka yi ta. A 1946 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar safiyo ta ƙasashen da take mulki, ita ce ta taimaki ofisoshin safiyo na Ikko da Kaduna. Jirgin sama yakan bi ƙasa layi layi, kamar mai yin kunya a gona, yana ɗaukar hotuna, kowane hoto ya hau rabin na gabansa. In aka sa biyu cikin wani madubi mai ido biyu, sai a ga duwatsu sun taso, kwari ya zurma. Sa'an nan 'yan safiyo su bi da ƙafa suna tambayar masu unguwa sunayen ƙauyuka da rafuka.

Karanta ta ba wuya. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa, watau wajen inci ɗaya da kwata ga mil guda. Shuɗin layi rafi ne, kore itatuwa. Layukan nan masu launin ƙasa da ke karkacewa su ne ma'aunin tudu, a tsofaffin takardun ƙafa 50 ke tsakanin wannan da wancan. Inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, wanda ya sare itacen wurin kuwa ya gayyato zaizaya ke nan. Har wa yau akan ja iyakar gandun daji a rubuta sunansa.

Wannan iyaka ita ce gishirin maganar. Dokokin daji na 1916 da na 1937 sun ba da ikon keɓe gandun daji, En'e kuma ta sa malaman daji su tsare shi, ba mai saran itace sai da takarda. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, don makiyayi ya san nasa, manomi ya san nasa. Daga baya fari ya zo a 1973 da 1984, jama'a ta yi yawa, birane suka buɗe baki suna neman itacen girki da gawayi. Gona ta ci daji, ta ci burtali, shanu kuma suka ci gona. Rigimar ta yi ta girma, har cikin 'yan shekarun nan dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga, manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa.

Tsoron ƙarewar daji ba sabo ba ne. A 1935 wani Baturen daji mai suna Stebbing ya yi kururuwa cewa hamada na tahowa kudu. Ingila da Faransa suka tura masana suka bi kan iyaka a 1936 da 1937, suka tarar ba rairayin Sahara ke turowa ba, gatari da wutar daji ne abin tsoro. Abin da hannu ya ɓata kuwa, hannu na iya gyarawa. Manoman Maradi sun nuna haka tun daga wajen 1983. In sun zo sassabe sai su bar tohon kututture, su zaɓi mafi ƙarfi su yi masa aski, cikin 'yan shekaru ya zama itace. Ba kuɗin iri, ba wahalar ban ruwa.

Saboda haka ya kamata dagatai da malaman gona su nemi kwafin taswirar yankinsu a ofishin safiyo. A shimfiɗa ta gaban dattawan manoma da arɗon Fulani, a gwada ta da hoton ƙasar na yau da ake gani a wayar hannu. Inda takarda ta nuna gandu a daina faɗaɗa gona, inda ta nuna rafi a bar itacen bakinsa, abin da ba ta nuna ba kuma dattawa su cike. Ɗan tireda mai sayen gawayi shi ma ya tuna, ranar da ƙirya ta ƙare cinikinsa ya ƙare.