Haƙƙin ɗan barema a gonakin Kurfai

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kurfai, ba kowane magidanci ne ke samun zarafin tsayawa a gonarsa ba. Wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara, tilas ya saɓa hauya ya je barema, ya noma wa wani domin ya samo abin da iyalinsa za su ci a ranar. Kafin ya waiwayo, ciyawa ta rufe hatsinsa, baɗi ma ya koma bareman. To, wace doka ce ke kare wannan bawan Allah?

Dattawan Filinge sun ji labarin aikin tilas daga bakin iyayensu, lokacin da Nasara ke kwasar majiya ƙarfi ana tsakiyar damana. Dokar 11 ga Afrilu 1946 ce ta soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. A 2003 Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta sake haramta aikin tilas. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Ta ƙayyade wa ma'aikacin gona awa 2400 a shekara. Mafi ƙanƙancin albashi kuwa, an ɗaga shi zuwa jikka 42 a wata.

Sai dai cinikin barema da baki ake ƙulla shi a bakin gona, ba takarda, ba shaida. In mai gona ya hana ladan, sufeton aiki yana da ikon sasantawa, in ta ƙi a tafi kotun aiki. Amma ɗan ƙwadagon ƙauye ba ya da guzurin wannan tafiya, yawanci ƙararsa wajen mai gari take tsayawa.

Ga inda ku da kuka yi yaƙi da jahilci za ku yi wa ƴan'uwanku rana. Kafin a sa hauya, ku rubuta sunan ma'aikaci, da kwanakin aiki, da ladan da aka shirya, a gaban shaidu biyu. Mahukunta kuma su kai bayanin dokar nan har ƙauyuka cikin harshen da talaka ke ji. Mai gona, biya wanda ya yi maka noma ran da kuka yi alkawari.