"Albarka" ba ta da Turanci

Ka taya kaya a kasuwar Kurmi, idan tayin bai yi wa mai kaya ba, ba zai ce maka a'a ba. Albarka zai ce. Ya ƙi, amma bai ci maka fuska ba. Mai koyon Turanci kuwa littafin aji kalmar ƙi yake miƙa masa tsirara, ba rigar da zai sa mata.

A 1990 masaniyar harshe Leslie Beebe da abokan aikinta biyu suka gwada yadda Japanawa masu koyon Turanci ke ƙin roƙo, gayyata, tayi da shawara. Suka tarar da al'adar gida ta biyo su cikin Turancin: uzurinsu a dunƙule yake, kuma salon ƙin yana sauyawa gwargwadon ko mai roƙon babba ne ko na ƙasa da su.

To, ina jinsi ya shigo? Tun 1975 masaniyar harshe Robin Lakoff ta ce mata sun fi maza sassauta magana da kewaye-kewaye. Bayan shekara 5, masu bincike William O'Barr da Bowman Atkins suka bi maganganun shaidu a wata kotun Amurka, suka ga namiji marar matsayi ma haka yake kame-kame, mace mai ilimi da muƙami kuwa kai tsaye take faɗar magana. A ganina nan gizo ke saƙa. Yawancin abin da ake kira ladabin mata, ladabin wanda ba shi da iko ne.

Sai dai hukuncin jama'a bai daidaita ba. Ɗalibar da aka tarbiyyantar da kunya za ta ce "sai na yi shawara". Bahaushe ya san an rufe ƙofa ke nan. Ta juya wannan zuwa Turanci, baƙo ya ɗauka alkawari ne, gobe ya dawo. Ta ƙi kai tsaye, a ce fitsararriya ce, alhali ɗan ajinsu da ya faɗi haka tsayayye za a kira shi. Shi ma bai tsira ba: ƙarancin kalmomi kan sa ya ƙi shugabansa a gajarce, a ce girman kai ne. Kuskuren nahawu ana yafe shi, na ladabi kuwa hali ake ɗora wa.

Malaman Turanci, ku ware darasi guda na cewa a'a, ku sa 'yan mata su fara.